Kwalli a Baƙin Mai

Tun daga bakin layi nake gane babur ɗin maigidana. Murya gare shi mai kauri, dum-dum-dum, a natse, kamar mutumin da ba ya gaggawa. Da na ji ta sai in sauke tukunya. Da Allah ya yi wa maigidan rasuwa, abin da ya bar mini ɗaki biyu ne, da babur ɗin nan, da Auta, ɗanmu na ƙarshe, wanda ya yi gemu amma har yau ni ke tashinsa da safe. Shi ke kai ni kasuwa da ƙunshin yadin da nake sayarwa, don gwiwoyina sun daina tafiya mai nisa.

Ƙanena bakanike ne, Sifana ake ce masa a layin gareji. Ni na goya shi bayan uwarmu ta rasu, ni na share masa majina, kuma a bayan wannan babur ɗin maigidana ya ɗora shi ya kai shi koyon aiki. Shi ya sa da Auta ya ce babur na son juyen mai, ban tambayi wurin wa za a kai ba. Wurin wa kuwa?

Juyen mai ya ɗauki kwanaki. Ranar da aka dawo da shi, ina tsakar gida na ji wani abu na shigowa, kwas-kwas-kwas, kamar an jefa cokali a gwangwani ana girgizawa.

Na ce, "Auta, wane ne wannan?"

"Babur ɗin Baba mana, Inna."

"Fentin dai nasa ne. Muryar ba tasa ba ce."

"Tsufa ne, Inna."

"Nasa ko nawa?"

Ya yi dariya ya shige ɗaki.

Na je wurin Sifana. Ya share mini benci da gefen rigarsa, ya aika a sayo mini lemo mai sanyi, yana ta washe baki.

"Yaya, ke da kunnenki! Sabon mai ne bai gama zama ba. Ki ɗan yi haƙuri, zai daidaita."

Na sha lemon, har da sa masa albarka.

Bai daidaita ba. Ƙarar ta ƙaru, har mata a kasuwa suka fara tsokanata wai na zo da injin niƙa. Na ce wa Auta mu kai wa Likita, tsohon bakaniken da ke ƙarshen layinmu, wanda ke duba wa maigidana kafin Sifana ya buɗe nasa wurin. Auta ya ce kansa na ciwo. Washegari cikinsa ne. Sai na kama babur da kaina na tura, ina tafiya ina hutawa, ina zagin gwiwa.

Likita bai tambaye ni komai ba. Ya tayar da inji, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Ya matsar da ita sama, ya dawo ƙasa. Ya kashe. Ya kawo farin kwano, ya kwance noti, mai ya zubo. Ya karkata kwanon wajen rana.

"Zo ki gani."

Man yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli.

Ya ɗauko mayen ƙarfe, ya tsoma, ya ciro shi ya yi gashi baƙi ƙirin.

"Wannan da ya manne, boris ne, ƙarfen da inji ke juyawa a kai, ke cin kansa. Wancan fari-farin da ya ƙi bin maye, fistin ne ke gogar bangon cikin inji. Ƙarar da kike ji ta ƙasa ce, kuma ba jiya ta fara ba. Injin nan ya daɗe yana jinya."

"Maigidana ba ya barin mai ya yi baƙi, ka sani."

"Na sani." Ya tsuguna yana shafa haƙarƙarin injin, layukan ƙarfen nan da iska ke bi ta sanyaya shi. "Ina karyayyen?"

Ni na karya shi, tun Auta na goye. Ruwa ya taso, na ce bari in tura babur cikin rumfa, ya kufce ya faɗi kan dutse, haƙarƙari ɗaya ya ɓalle. Maigidana bai yi mini magana ba sai da yamma, daga baya kuma ya mai da abin tsokana, yana cewa hatimina ne. Wannan injin kuwa haƙarƙarinsa cif, babu giɓi.

"Likita, faɗa mini da bakinka."

"Ni inji na iya saurare. Mutane, ke kika san su."

Na ce ya kankare mini garin ƙarfen nan da ya manne wa mayen duka. Na ƙulle shi a ƙyalle na soke a ƙugu.

Ban kai ga yanke abin da zan yi ba, Allah ya kawo mini shi har ƙofa. Da safe ina shara na ji dum-dum-dum daga bakin layi. Tsintsiya ta faɗi. Wallahi sai da na juya zan sauke tukunya. Na fita ba takalmi. Mai kawo burodi shaguna ne, a kan wani jan babur da akwati a baya. Na tsaya tsakiyar hanya na ware hannu.

"Inna, lafiya? Kashe kanki za ki yi?"

Ban kula shi ba, na durƙusa da gwiwar da ba ta durƙuso. Ga giɓin nan. Na sa yatsa a ciki, ya ƙone ni, ban cire ba.

"Wa ya ba ka mijina?"

Bawan Allah ya ɗauka taɓin hankali ne. Da ya gane, ya ce Sifana ne ya sayar masa, ya ce injin wani mamaci ne, iyalinsa suka ce a sayar.

Na kai ƙara wurin shugaban ƙungiyar makanikai. Aka zauna a rumfar kwano, babura biyu a tsakiya, rabin layin gareji sun bar aiki sun zo kallo. Auta ya raɓe jikin ginshiƙi. Na kwance ƙyalle na ajiye a kan benci.

Shugaba ya ce, "Inna, a hankali, a yi sulhu. Ɗan'uwanki ne."

"Na san ɗan'uwana ne, bayana ya yi wa fitsari. Ba sulhu na zo ba. Injina na zo karɓa, kuma ya faɗa da bakinsa a gaban mutane abin da ya yi."

Sifana ya fara kame-kame, wai inji kama yake yi da inji. Likita ya nuna giɓin da sukundireba. Mai burodi ya maimaita maganarsa. Wani daga baya ya ce, "Sifana, yau noti ya ƙi kwantuwa!" Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta tunzura shi.

"To na cire! Yaya, mamaci na hawa babur ne? Kasuwa ce fa kawai, nan da can. Wane inji ne ba zai kai ki ba?"

"Ka ce iyali sun yarda. Wane iyalin?"

Sai ya juya ya kalli ginshiƙi.

"Tambayi wanda ya riƙe mini injin muka sauke."

Na juya. Auta na kallon takalminsa.

"Auta."

"Inna, Kawu ne ya ce zai haɗa mini sabo, irin na yanzu. Ya ce ba za ki gane ba."

Ba za ki gane ba. Ni da na san tarin ubansa daga na maƙwabci ta cikin bango. Kullum yaron nan na zaune a gabana a kan babur, ina riƙe da rigarsa, ƙarar na dukan ƙafafunmu, yana ce mini tsufa ne.

Shugaba ya yanke cewa a mayar mini da injina a ranar, a hannun Likita, Sifana kuma ya san yadda zai yi da mai burodi. Aka yi. Kafin la'asar Likita ya buga kik, muryar ta dawo, dum-dum-dum. Mutane suka yi tafi. Ni ban yi ba. Na miƙa hannu na zare makulli, na ɗaure a bakin zane.

Shugaba ya ce, "To Inna, a yafe. Ku matso ku ba ta haƙuri."

Suka matso, kawu da ɗa, suka durƙusa. Na jawo ƙyallen, na sa farce na raba ƙarfen nan gida biyu daidai, ban cuci kowa ba. Na zuba wa Sifana rabi a tafin hannu, na zuba wa Auta rabi.

"Ga gadonku. Kun riga kun raba tun ina da rai, to ku riƙe."

Auta ya ce, "Inna, to wa zai kai ki kasuwa?"

Na kama kan babur na fara turawa. Auta ya taso zai kama bayan.

Na ce, "Cire hannunka."