Mazarin Malam Ɗantala

"Ba shi ba ne," in ji Malam Ɗantala, ya sa bayan hannu ya ture wayar da Ilu ke nuna masa hoton wani mazari a ciki. "Wannan ja ne, ko a bakin rijiya akwai irinsa. Mazarin da nake nufi baƙi ne wuluk, da zobba ruwan ɗorawa a jela. Inuwa yake bi."

Ilu ya mayar da wayar aljihu. Kwana huɗu ke nan yana barin lambunsa yana shiga kurmin bayan Gagarawa Tasha saboda maƙwabcin nasa. Malam Ɗantala tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Sau ɗaya ya taɓa ganin mazarin, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma duk ƙarshen damina sai ya koma nemansa, har mutane suna masa dariya. Bana ciwon ƙoda ya kwantar da shi.

"Malam, anya yana nan kuwa? An sare rabin kurmin fa."

"Ka je inda kanya ta sunkuya kan ruwa. Ka zauna kurum, ko sauro kada ka kora."

Washegari tun da safe Ilu ya zauna a gindin kanyar, sauro na ta gasa shi. Dab da azahar sai ga mazarin ya sauka kan busasshen reshe, baƙi, zobbansa na sheƙi. Ilu ya ɗaga wayar a hankali. Hoton farko ya yi dishi-dishi, na biyu ya fito tar, har jijiyoyin fiffike.

Ya hau babur da laka har gwiwa. Yana shan kwanar layinsu ya hangi tabarmi a ƙofar gidan Malam, butoci a jere.

"Mun yi ta kiranka, ba sabis," in ji liman. "Tun hantsi Allah ya karɓi abinsa. Yi alwala, yanzu za a fito da shi."

Bayan an dawo daga maƙabarta, Ilu ya yi sallama ya durƙusa daga bakin ƙofar Iya A'i, matar marigayin. Ya yi mata ta'aziyya.

"Da safen nan sai da ya tambaya ko ka tafi," ta ce. "Ka same shi?"

Ya miƙa mata wayar. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai kusa da ido.

"Ashe ɗan mitsitsi ne."

Fuskar wayar ta yi duhu. Ba ta san inda ake dannawa ba, ta ci gaba da kallo.