Sakamakon Jinin Baba

"Ba ya nan," in ji mutumin da ke bayan tagar ɗakin gwaji, bai ko ɗago kai ba.

Auta ta sake tura 'yar takardar ta ƙarƙashin gilashi. "Don Allah Malam, a duba dai. Yau kwana tara da ɗibar jinin. Shekaranjiya an ce jiya, jiya an ce yau."

Ya ja wani ƙaton littafi, ya bi layi da yatsa. "Na'urarmu ba ta gane irin wannan ƙwayar. Tun ranar Laraba aka tura shi babban ɗakin gwaji na ƙetaren gada."

"To me ya hana a gaya mana?"

"Ba ga shi na gaya miki ba? Na baya ya matso."

Mahaifinta kafinta ne. Mako uku ke nan da yi masa aikin hanji, aiki kuma ya yi kyau, har ya fara tsokanar ma'aikatan jinya cewa wanda ya haɗa musu durowa bai san ƙusa ba. Sai zazzaɓi ya sauko. An gwada magani uku, kamar ana zuba ruwa a kwando. Ranar da aka mayar da shi wani ɗaki shi kaɗai, aka hana kowa shiga sai da safar hannu da rigar leda, likitar da ke duba shi ta ja Auta gefe. Ta ce tana zargin wata cuta ce dangin fumfuna da ke shiga jini, wadda ba ta jin yawancin magunguna. Akwai mai ƙarfi, amma yana iya taɓa ƙoda, ba za ta sa shi a kan zato ba. Sai ta ga sakamako.

Tun ranar Auta ta rufe shagon kitsonta. Kowace salla addu'arta ɗaya ce, Allah Ya sa ba ita ba ce.

Kafin ta fita ta leƙa ta gilashin ƙofar ɗakin. Baba na rawar ɗari cikin bargo biyu, leɓɓansa sun bushe. Inna na zaune a benci a waje da carbi.

"An samu?"

"Yanzu zan karɓo, Inna."

Motar haya ta maƙale a kan gada fiye da rabin awa. Auta ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, takardar a dunƙule cikin tafinta har gumi ya fara cin tawadar.

A babban ɗakin gwajin wata dattijuwa ce a kan tebur, da tabarau a ƙarshen hanci. Ta buga lambar a kwamfuta, ta duba allon.

"Ya fito tun shekaranjiya," ta ce.

Auta ta matso kusa da tebur. "Shekaranjiya? To a ba ni, Hajiya."

"Ba a ba dangi. Sai shugaban sashe ya sa hannu, sannan a aika asibitinku. Yana taro a sama."

"Yaushe zai fito?"

"Taron manya? Wa ya san ranar tashinsa."

Wayar Auta ta yi ƙara. Likitar ce. "Jininsa yana sauka," ta ce ba tare da sallama ba. "Kin samu?"

Auta ta dubi dattijuwar. Ta rasa ta inda za ta fara roƙo, domin roƙon ma ya ƙare mata a kwana tara. Sai kawai ta ajiye wayar a kan tebur, ta tura ta gaban matar.

"Hajiya, an hana ki ba ni takarda. Ba ni kika ba ba. Likitarsa ce."

Matar ta dubi wayar, ta dubi ƙofar ofishin da ke bayanta. Ta gyara tabarau.

"Ke kam za ki sa a kore ni ana saura wata huɗu in yi ritaya," ta ce a hankali, ta ɗauka.

Ta tambayi sunan likitar da lambar majinyaci, sannan ta faɗi wani dogon suna da Auta ba ta taɓa ji ba. Daga nan ta shiga karanto magunguna ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba ta ji. Na biyu ma ba ta ji. Na uku, a'a."

Yatsanta ya ci gaba da sauka a jikin allon. 

"Na ƙarshen tana ji. Ƙwarai, tana ji sosai."

Ta miƙo wayar. Muryar likitar ta sauya, tana magana tana tafiya. "Ita ce. Amma akwai maganin da zai kama ta. Sai dai ɗakin magani ba za su fitar da shi ba sai da takarda mai sa hannu. Kada ki dawo babu ita."

Auta ta tsinci kanta tana cewa Alhamdu lillahi, a kan abin da ta kwashe kwanaki tana roƙon kada ya tabbata. Dattijuwar ta buga takardar, ta ninke, ta riƙe ta jim kaɗan, sannan ta miƙa wa Auta.

"Ni ƙafata ba ta son bene," ta ce. "Hawa na biyu, ƙofa ta ƙarshe. Shugaban mai farin gemu ne, yana zama kusa da taga. Ba ni na aike ki ba."

A kan matakala Inna ta kira. "Me suka ce, Auta?"

"Ki gaya wa Baba ya jira ni."

Ta kashe wayar. A ƙofar ƙarshe an liƙa takarda, an rubuta kada a shiga, ana taro. Ta gyara mayafinta, ta yi sallama da ƙarfi, ta murɗa hannun ƙofar.