Tsagar Bangon Gareji

A ofishin nan babu mai kiransa da sunan yanka, Ma'auni kawai ake ce masa. Shekara talatin yana tuƙa motar manaja bai taɓa gogar ko kwandon shara ba, kuma duk wanda ya manta da haka, shi da kansa zai tuna masa. In wani direba ya karce mota, Ma'auni ne farkon zuwa jaje: "Allah sarki! Idanun nan biyu na ado ne?"

Abin da ba su sani ba, wata takwas ke nan da yanar ido ta rufe masa idon dama. Na hagu garau yake, yana karanta lambar mota daga nesa, sai dai ido ɗaya gani yake yi, ba ya awo. Duniya ta koma masa kamar hoton kalanda: ga bango nan yana gani, amma taku nawa ne tsakaninsu, oho.

Matarsa ce ta fara ganewa, ran da ya tsiyaye rabin buta a gefen kofi.

"Maigida, teburin ne yake jin ƙishi?"

"Ke ce kika ajiye kofin a karkace."

"To. Jiya ma ƙofa ce ta taso ta same ka a goshi. Don Allah ka je asibiti."

"In je su rubuta a takarda, a karɓe makulli? Saura wata huɗu in ajiye aiki da mutuncina."

Tsoro yake ji ƙwarai, amma ya gwammace ya mutu da a ji. Sai ya shiga dabara. A titi yana barin filin tirela tsakaninsa da motar gaba, manaja kuwa yana ta yaba natsuwarsa. Garejin ofis ne matsala, don matsattse ne. Can ma ya samo wata tsaga a bangon gefe: da zarar madubi ya yi daidai da ita, sai ya taka birki.

Ana haka manaja ya ce za a karrama shi. Ran bikin aka tara direbobi kaf su ga yadda gwani yake ajiye mota. Ma'auni ya karyo kwana yana murmushi, sai gabansa ya faɗi. Don girmama shi an yi wa garejin sabon fenti, fari fat, tsaga ta tafi. Can ƙurya ga tebur, a kai lambar yabonsa ta gilashi tana walƙiya.

Ya lallaɓa a hankali, yana lalube da ido ɗaya. A lissafinsa saura taku uku, sai ya ji ƙaras! Tebur ya manne da bango, lambar yabo ta tarwatse.

Wani direba da ya sha jajensa ya yi tarin da ba na mura ba.

"Birki ne, ranka ya daɗe," in ji Ma'auni da ya fito.

"Ba komai, Baba, tsautsayi ne," manaja ya ce, ya miƙo masa hannu.

Ma'auni ya kai nasa da ƙarfi, ya damƙi iska.

Manaja ya dubi hannun, ya daɗe yana duban idon, sannan ya buɗe tafinsa. "Kawo makullin, Baba."

Ma'auni ya auna tafin da kyau, ya saki makullin. Sai ga makulli a ƙasa.