Naman Ƙirjin Jafaru

Naushin farko da Jafaru ya kai wa ƙaton nan na Zango, wani abu ya tsinke a ƙirjinsa kamar igiyar guga. Makaɗa ba su ji ba, kalangu ya cika filin dambe. Shi kansa bai ji ba. Jajayen ƙwayoyi na yawo a jininsa, ko wuƙa aka soka masa murmushi zai yi.

Mahaifinsa, Mati mahauci, shi ya jefa masa su a shayi da hannunsa. Tun da shari'a ta rufe gidajen giya ƙwaya ta samu gari: ba wari, ba kwalba, aljihu ya ishe ta. Mati bai taɓa ɗaukarta abin maye ba. A wurinsa ƙanwar laya ce da tsimin da ya sha a zamanin nasa damben. Ai magani ne, tunda a kyamis ake sayarwa.

A turmi na biyu hannun da aka naɗe da zare ya tashi, amma ya ƙi zuwa gaba. Sai lilo yake a gefe kamar na aro. Na Zango ya ga ƙofa a buɗe. Ya zuba masa a haƙarƙari, ya ƙara a baki, haƙori ya yi tsalle ya faɗa ƙasa. Jini na bin gemun Jafaru, shi kuwa dariya yake. Dariyar nan ta fi jinin ban tsoro.

Alƙalin wasa ya matso zai raba.

"A bar shi," in ji Mati. "Jinina ba ya gudu."

Aka bar shi, har aka kwantar da shi.

* * *

Da ƙwayar ta sake shi, maƙwabta ma sun ji ihunsa. Ƙirji ya kumbura, ya yi baƙi har damtse. Mai ɗori ya ce gocewar kafaɗa ce. Ƙarti suka danne Jafaru a tabarma, mai ɗori ya kafa diddige a hammatarsa ya fizgi hannun iya ƙarfinsa. Ɗan abin da ya rage a maƙale, ranar ya ƙarasa tsinkewa.

Sai da damina ta kusa suka je asibiti. Likita ya latsa ramin da ya lotsa a gaban hammatar.

"Baba, ƙashi lafiya lau. Tsoka ce. Daga ƙashin ƙirji take tasowa a baje kamar mafici, ta tattaru ta kama saman ƙashin damtse. Ita ke jawo hannu gaba, ita ke rungumo shi zuwa ƙirji. Da kun zo da wuri da an ɗinke. Yanzu ta janye, ta ƙanƙance."

Mati ya san naman nan. Kullum wuƙarsa na ratsa shi a jikin rago, bai taɓa tunanin ɗansa ma na da shi ba.

* * *

Hannun da zai gaji wuƙar gidan ba ya iya jan ta. Yanzu aikin Jafaru riƙe ƙafar rago da hagu, mahaifinsa na fiɗa.

Ranar kasuwa wuƙar Mati ta iso daidai wurin, tsakanin ƙirji da ƙafar gaba. Ya tsaya. Ya dubi jan naman a baje, ya dubi ramin da ke leƙowa ta gefen singiletin ɗansa.

"Baba, yanka mana, mutane na jira," in ji Jafaru.

Ya yanka. Ƙafar ta saki, ta faɗo gefe a hannun Jafaru.

Jafaru ya rataye ta, ya goge yatsu a wando, ya laluba aljihu. Ya jefa ja ɗaya a baki, ya haɗiye ba ruwa.