Rabin Tokar Wattie Moncur

A garin Balcrevie, in an tafi hutun rabin lokaci a wasan ƙwallo, ba 'yan wasa kaɗai ke sauya gefe ba. 'Yan kallo ma ɗungumawa suke yi su bi ta lungun bayan rumfar 'yan kallo, su koma bayan ragar da yaransu za su kai wa hari. Haka aka gada tun daga masu haƙar kwal da suka kafa ƙungiyar a wani dogon yajin aiki, lokacin da zaman banza ya ishe su suka riƙa turo ɓaraguzan mahaƙa a baro suna tara tudun tsayuwa. Tudu biyu suka yi, ɗaya a bayan kowace raga, Gefen Rami da Gefen Teku, inda iska ke ratsa mutum har ƙashi. Mahaƙar ta daɗe da rufewa. Ƙungiyar kuwa ta yi ta jan ciki a ƙasan teburi shekara da shekaru, ba ta mutu ba, ba ta kuma yi wani abin kirki ba, mutanen gari suna zaginta suna kuma zuwa.

Ishbel Moncur ce mai rumfar shayi a bakin lungun nan. Tun tana amarya take zuba wa mutane romo mai zafi da burodin nama, har kanta ya yi fari fat. Kowa ya bi ta gabanta, amma ita ko sau ɗaya ba ta taɓa yin zagayen ba, don lokacin da ake zagayawa shi ne lokacin da hannunta ba ya hutawa. Mijinta Wattie yakan zo a ƙarshen ayari, yana tsotsar alewar na'ana'a, ya ƙwanƙwasa mata katakon rumfa da yatsa ya wuce. Ba ya tsayawa. Wai kada a dawo wasa yana hanya.

Da ya rasu, wasiyyarsa ɗaya ce, in an ƙona gawarsa a zuba tokarsa a bayan raga. Ba wani sabon abu ba ne, tsofaffin garin da yawa suna can. Ishbel ta je ita kaɗai da safe, ta zaɓi Gefen Teku, inda yake fara kallon kowane wasa. Ta fara zubawa, iska na kwasa, sai hannunta ya ƙi. Ta dubi abin da ya rage ta ga in ya ƙare shi ke nan, ba ta da kowa. Ta koma gida da rabi, ta juye a tsohon gwangwanin biskit, ta tura cikin kabad ɗin kicin. Ba ta gaya wa kowa ba.

A wasan farko bayan haka abin ya soma. Akwai ƙaramin ƙyauren ƙarfe a bakin lungun. Bayan kowa ya wuce, layin shayi ya watse, sai ta ga ƙyauren ya buɗe a hankali. Ya tsaya a buɗe kamar wani na riƙe da shi yana leƙen hanya, sannan ya koma ya rufe. Ƙanshin na'ana'a ya cika rumfar. Ta ce iska ce. Amma iskar Balcrevie ba ta san a hankali ba, in ta kama ƙofa bugawa take yi. Kowace Asabar haka, kamar Wattie ne ya zo bakin lungu, ya kasa wucewa, ya juya.

A gida kuma takan tarar da murfin kabad a sake, ko da ta tabbatar ta rufe. Tsoro ya kama ta da farko. Daga baya, gaskiyar magana, daɗi ta riƙa ji. Takan ja kujera ta zauna ta ba gwangwanin labarin wasa, wa ya ɓarar da ƙwallo, wa alƙali ya cuta, har ta yi masa tsiyar da ta saba. Tun da aka yi aurensu Wattie bai taɓa zama ya saurare ta haka ba.

Ana nan sai abin da ba wanda ya yi tsammani ya faru, ƙungiyar ta tashi da cin wasa kamar an canza mata ƙafafu, har ta samu hawa rukuni na gaba. Gari ya rikice da murna. Fenella Gourlay, shugabar ƙungiyar, wadda ta girma tana shan romon Ishbel, ta zo rumfa da kanta ta yi mata bayani. Dokar sabon rukuni ta ce a raba 'yan gida da baƙi. Za a bar wa baƙi Gefen Teku, a gina katanga a toshe lungun, a cire ƙyauren. Wasan Asabar mai zuwa shi ne na ƙarshe da za a zagaya. Ta ce, "Kada ki damu, Goggo, rumfarki tana ɓangarenmu." Ishbel ta yi mata murna, ta ci gaba da goge kofin da ta riga ta goge.

Ranar Juma'a Eck Birrell ya biyo ta gidanta. Abokin Wattie ne tun suna shiga ramin kwal tare, kurma ne a kunne ɗaya, ɗayan ma sai abin da ya ga dama yake ji. Ya zauna a kicin ya ƙi cire hula.

"Matar abokina, kin ji abin da za su yi mana? Wattie a tsakiyar baƙi! Mutumin da ko gaisuwarsu ba ya amsawa."

Ta ce masa wanda ya mutu ba ruwansa da baƙi. Ya ce ƙarya take yi, ta fi kowa sani, don shi ma ya ga ƙyauren. Tun bara yake gani, ya yi shiru ne kada a ce tsufa ya taɓa masa kai.

"Laifinmu ne da ba mu raka ki ba," in ji shi. "Duk wanda muka zuba, raba shi muke yi, rabi a Teku, rabi a Rami, don ya samu wurin zuwa in an juya. Ke ba ki taɓa zagayawa ba, ina za ki sani? Kika juye shi duka a gefe ɗaya. Yanzu kuwa ba abin da za a yi."

A bayan Eck, murfin kabad ya sake a hankali. Ishbel ta tashi ta ɗauko gwangwanin ta ajiye a kan tebur, ta buɗe. Eck ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hular.

"Haba Ishbel. Kakar wasa biyu mutumin nan bai ga ƙarshen wasa ba."

"In na kai shi, wa zan tarar a gida?"

Eck ya mayar da hularsa. Ya shanye shayinsa ya tafi.

Ranar Asabar filin ya cika yadda bai taɓa cika ba, har waɗanda suka bar garin tun rufe mahaƙa sun dawo da jikokinsu don a yi zagayen ƙarshe da su. Yaran suka fara kai hari Gefen Teku, aka tafi hutu ba ci. Mutane suka kwararo lungu suna ta ɗaukar hoto, wasu suka yi layi a rumfa. Sai suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Ishbel ta sauke murfin tagar rumfa ta sa sakata. Wani ya fara ƙorafi, Eck ya harare shi ya haɗiye sauran.

Ta tsaya a bakin ƙyaure da gwangwani a ƙirji har kowa ya wuce. Lungun ya yi tsit. Ƙanshin ya zo, kusa da kafaɗarta, daidai tsayinsa. Ta ji kamar ta juya ta ruga gida da abinta, don har ga zuciyarta ba ta son bayarwa. Ta sa hannu ta riƙe ƙyauren a buɗe.

"Wuce mana, tsoho. Za a dawo wasa kana hanya."

Ta bi lungun a karon farko a rayuwarta. Ashe gajere ne. Ashe akwai sunaye da aka zana a jikin bulo, har da nata, da rubutun hannun da ta sani. A bayanta tsakuwa na ƙara, taku ɗaya bayan nata, ba ta waiwaya ba. Da ta fito Gefen Rami mutane suka dare mata hanya. Ta durƙusa a bayan raga ta juye gwangwanin duka, ta bubbuga gindinsa. Alƙali ya busa usur.

An gina katangar kafin sabuwar kaka. A gida kabad ya zauna a rufe. Ta gwada barinsa a buɗe da kanta, ta ja kujera, amma ta ji da katako take magana, ta tashi.

A wasan farko na sabon rukuni, da aka tafi hutu, 'yan gida suka tsaya cirko-cirko a Gefen Rami, ƙafafunsu na son tafiya ba wurin zuwa. Ishbel ta sallami layi, ta tsaya tana jiran ƙanshin. Ba abin da ya zo sai warin romo. Bayan an tashi Eck ya leƙo ta taga yana murmushi, ya ce tun da aka dawo hutu na'ana'a ta dame su a bayan raga, har wani ya tambayi wa ke shan alewa bai ba mutane ba.

"Ko ƙwanƙwasa min katako bai yi ba," in ji Ishbel. Ta yi dariya, hawaye na zuba a kan kofunan da take wankewa. "Dama haka yake. In ya samu 'yan uwansa, mantawa yake da ni."