Sunan Shafi Mai Kunne

Shekara shida ke nan da idon Umma ya tafi, kuma tun daga lokacin ni ce idonta a kan duk abin da asibiti ya rubuto. Sakamakon gwajin jini, ranar ganin likita, maganin da aka canza, duk ni ke buɗe shafin in karanta mata. Zama take ta haɗe rai har in gama, matar da ta yi shekara talatin tana koya wa 'ya'yan mutane karatu.

Don ita na ƙera abin. Mu biyu ne a ofis, ɗaki guda a saman shagon masu gyaran waya, ni da abokin aikina Na-Kusurwa, wanda tun da muka kama wurin bai taɓa matsar da teburinsa daga bayan ƙofa ba. Shafin intanet muka yi mai baki da kunne. Ya karanta maka abin da ke cikinsa, ka yi masa magana ya amsa. Da muka kai shi asibitin da Umma ke zuwa, injiniyarsu ta saurara, ta yaba, sannan ta ce a'a.

"Fayil ɗinku ba shi da suna," in ji ta. "Duk fayil ɗin da ke yawo a intanet da sunan nau'insa a goshi, wannan hoto ne, wannan sauti ne. Shi waya ke dubawa ta san yadda za ta buɗe shi. Naku kun laƙa masa abin da kuka ga dama. Ku je ku yi masa rajista a babban jerin nau'o'in fayil na duniya. Ƙarshen wata za mu rufe jerin nau'o'in da sabon tsarinmu zai karɓa, ba kuma za a sake buɗewa ba sai bayan shekara uku."

Shekara uku! Umma na da saba'in da huɗu.

Rajistar fom ne guda, amma da ƙa'ida. Sai ka baje shi mako biyu a dandalin masana, duk mai ƙorafi ya yi, sannan ya je hannun mai dubawa. Kwana biyu muka ɓata kan sunan, don Na-Kusurwa ya dage sai an cusa haruffan sunayenmu a ciki. Na ce masa fayil muke wa suna, ba keken haya ba. Muka tsaya a kan ɗan gajeren suna mai nufin shafi mai murya. Da na iso gurbin da ke tambayar haɗarin da abin zai iya jawo wa mai amfani da shi, na rubuta "Babu" na wuce. Wane haɗari ke cikin karanta wa tsohuwa ranar ganin likita?

Mako biyu ba wanda ya ce uffan. Sai fom ya faɗa hannun mai dubawa, wani tsoho da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, masana na kiransa Jan Biro. Amsarsa layi ɗaya ce: "Shafin da ke saurare, yaushe yake dainawa, kuma wa yake gaya wa abin da ya ji?"

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Saura kwana tara, mutum na zaune a inda yake yana min tambayar jarrabawa! Na rubuta masa martani mai zafi har sakin layi huɗu. Na-Kusurwa ya leƙo, ya karanta, ya ce, "Ranki ya daɗe, bar shi ya kwana." Na harare shi, amma na bari.

Washegari Asabar, na kai wa Umma waya da rana don ta gwada. Ƙanwarta, Inna Ƙarama, ta zo yini. Shafin ya gaida Umma, ya tambaye ta ranar da take so ta ga likita. Ta ce Laraba, ta ajiye wayar a kan cinya. Ni kuma na fita kwaso shanya, na bar su suna hira.

Ina dawowa da kaya a hannu na ji wayar ta buɗe baki, da muryar nan tata mai sanyi: "Kin ce: Laraba. Kin ce: wata uku ke nan ina jin ciwo a nan gefen, ban gaya mata ba. In na faɗa ita za ta karanta, yayanta ya ji, matarsa ta ji, kowa ya san abin da ke cikina. Kuma karatun nata da ƙarfi, kamar mai shela. Haka ne? Ki ce e ko a'a."

Inna Ƙarama ta kama baki.

"Ke," in ji Umma, "wannan abin naki munafuki ne."

Dariya ta ƙwace wa Inna Ƙarama, ni kuwa kunya ta rufe ni, ga tsoro. Wata uku! Na ce, "Umma, wane gefen?"

"Ba ke aka gaya wa ba."

Ina komawa ofis na goge martanina tun kafin in cire takalmi. Tsohon ya yi gaskiya, kuma ba abin da na tsana kamar wannan. Kwana huɗu muka yi ba mu ɗaga kai ba. Muka sa shafin ya yi ɗan ƙara in zai buɗe kunne, ya sake yi in ya rufe. In aka yi shiru daƙiƙa uku ya daina ji. Ba ya aika komai sai mai magana ya ce a aika, abin da bai tambaya ba kuma ya zubar. Inda na rubuta "Babu" ya koma shafi uku, har na ba da labarin tsohuwar da ta ajiye waya a cinya, ban dai ce uwata ba ce.

Saura kwana biyu amsa ta zo, ƙarfe sha ɗaya na safe. "An karɓa. Da ma kowa zai cike wannan gurbi haka." Na buɗe babban jerin, na gangara, ga sunanmu a layinsa, tsakanin na manyan kamfanonin duniya. Ihun da na yi sai da masu gyaran waya suka hauro da gudu. Na-Kusurwa, wanda murnarsa ba ta wuce gyaɗa kai, ya hau kan kujera yana tafi. Kafin azahar injiniyar asibiti ta saka mu a jerinta.

Bayan mako guda saƙo ya shigo wayar Umma. Na miƙa hannu kamar kullum, ta riga ni.

"Fita. Ki ja min ƙofa."

Na fita. Na ji ƙaran nan na buɗe kunne, sai na wuce kicin na kunna famfo don kada in ji sauran. Ina tsaye ina dariya, hawaye na zuba. Matar yayana ta shigo ta ce, "Me asibitin suka ce?"

Na ce, "Ban sani ba." Tunda nake ban taɓa faɗin maganar da ta yi min daɗi haka ba.

Can ƙofa ta buɗe. Umma ta fito tana dafa bango, wayar a ɗaya hannun.

"Talata, ƙarfe goma. Likita mace na zaɓa. Za ki kai ni, ki jira a waje."