Gezar Tsoro

Tayar baya ta mutu ranar Talata, tafiya kuma ranar Asabar ce.

Miƙau ya tsuguna a garejin gidansa ya shafa ta. Tsakiyarta ta lafe kamar tafin hannu, zanen ya goge, har wata waya ta fara leƙowa tana ƙyalli. Amma gefenta, dama da hagu, yana nan sabo fil, faɗin yatsa uku, kwalta ba ta taɓa lasarsa ba. Wannan gefen ya fi wayar ci masa rai.

A ƙungiyarsu ta masu manyan babura, ba a fara gaisuwa da fuska. In an taru a gidan mai ranar Asabar da safe, kafin a tambayi mutum lafiyar iyali sai an zagaya bayan babur ɗinsa an duƙa. Wanda ke kwantar da babur a kwana, tayarsa kan cinye har baki. Wanda gabansa ke faɗuwa, gefen kan rage. Wannan ragowar suke kira gezar tsoro. Mai geza mafi faɗi shi ne kurar baya, shi ne kuma mai ɗaukar jakar kayan gyara. Tun da Miƙau ya shiga ƙungiyar, jakar ba ta taɓa kwana a gidan wani ba. Sunan ma a nan ya samo shi, wai yana shan kwana a miƙe kamar falwaya.

Yana da dalilinsa. Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ya san yadda gwiwar mutum ke komawa bayan ta gaisa da kwalta. Sai dai sanin dalili ba ya maganin kunya.

Ga shi wannan Asabar ɗin ba kamar sauran ba ce. Matarsa, mai shagon ɗinki, wadda ta daɗe tana neman a sayar da babur ɗin, ta yarda za ta hau bayansa karo na farko, su bi ƙungiya zuwa garin da ke bayan duwatsu, inda 'yarsu ta kama aiki. Amma da sharaɗi.

"In gabana ya faɗi sau ɗaya ranar Asabar," ta ce masa, "ranar Litinin babur ɗin nan yana hannun dillali."

Ya ce ya ji. Ya kuma san ta, ba ta warware ɗinkin da ta riga ta yi.

Ranar Laraba da ya tashi daga aiki ya wuce shagon mai taya. Shago ne mai warin roba, tayoyi jere har rufi, mai shi kuma gajere ne da tabarau rataye a wuya. Ya dubi babur ɗin, ya dubi tayar, ya shiga ciki ya gangaro da guda biyu.

"Yallaɓai, babur ɗinka rabi doki ne rabi raƙumi. Yana gudu, yana kuma ɗaukar kaya. Wannan tayar ta doki ce, laushi gare ta, tana kama kwana, amma ba ta daɗewa. Wannan kuma tsakiyarta da tauri, gefenta da laushi, ruwa ba ya ba ta tsoro. Tafiyar nesa aka yi ta dominta."

Miƙau ya kalle su. Duk biyun sumul suke, baƙi ƙirin, da 'yan gashin roba a jiki. Ya hango kansa a gidan mai, maza sun duƙa a bayan babur ɗinsa, matarsa tana tambayar abin da ake wa dariya.

Ana cikin haka wani jan babur ya shigo da ƙara. Guguwa ne, autan ƙungiyar, wanda kan je filin tsere duk ƙarshen wata.

"A'a, Yaya Miƙau. An zo sayen sabuwar geza?"

"An zo sayen taya."

"Na ji an ce da Uwargida za a tafi. To ita za ta rungumi jakar, ko a tsakiyarku za a sa ta?"

Kafin Miƙau ya amsa, Guguwa ya dafa kafaɗarsa ya ja shi bayan shago, inda ake tara tsofaffi. Ya nuna masa wasu biyu da ya cire daga nasa babur ɗin makon da ya wuce. Tsakiyarsu da sauran nama. Gefensu kuwa ya cinye har baki, robar ta narke ta dunƙule kamar an gasa ta.

"Ka sa waɗannan, ranar Asabar ko Jagora, shugaban ƙungiya, sai ya cire maka hula. Kyauta na ba ka. Bakina kuma alaikum."

Da suka fito da su, mai taya ya sa tabarau ya duba.

"Na tsere ne, Yallaɓai. Sai sun yi zafi suke kama ƙasa. Kuma waɗannan sun yi zafi sun huce, sun yi zafi sun huce, robar ta gaji."

"Za su shiga wilina?"

"Shiga kam za su shiga. Lambarsu ɗaya da taka."

"To sa su."

Mai taya ya ɗaga kafaɗa ya jawo jek.

Ranar Alhamis Miƙau ya je aiki da rana tsaka ya dawo, bai ji komai ba. Da ya ajiye babur ya tsaya a bayansa ya daɗe yana kallo. Ya yi kama da babur ɗin namijin duniya.

Ranar Juma'a da sassafe, yana goge madubi, sai ga matarsa ta fito da hular kwanon da ya saya mata, jakarta a kafaɗa.

"Kai ni shago. Ba na yanka yadi mai tsada sai na gwada a ƙyalle."

Ya tayar da babur. Ta hau, ta kama shi kamar mai riƙe da tulu. Garin da sauran sanyi, titi bai cika ba. Suka wuce makaranta, suka wuce gidan burodi, suka iso shataletalen da ke kusa da wurin wankin mota, inda ruwan kumfa kan ratsa titi kullum. Ya bi wurin nan ya fi a ƙirga. Ya ɗan karkata, ya ɗan murza totur.

Bayan babur ɗin ya tafi.

Tayar ta sulale gefe kamar an ja tabarma daga ƙarƙashinsu, sannan ta kama ƙasa da ƙarfi, babur ɗin ya girgiza kai, ya miƙe. Wata mota ta danna ham a bayansu. Farcen matarsa ya ratsa rigarsa ya shiga haƙarƙari. Ba su faɗi ba. Ya lallaɓa suka isa shago.

Ta sauka ta cire hular. Ba ta dube shi ba. Ta zagaya bayan babur ɗin ta duƙa, daidai yadda mazan ƙungiya ke yi, ta sa yatsa ta ɓalli wani dunƙulen roba daga gefen tayar.

"Wannan ce sabuwar tayar da ka ce za ka saya?"

"A wurina sabuwa ce."

"Maigida, gwanjo ka ɗora ni a kai."

Ya ce, "Gabanki ya faɗi?"

"Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa."

Shi ke nan. Ya dubi tankin babur ɗin, inda gwiwarsa ta ɗan cinye fenti, ya fara tunanin wane dillali ne zai fi riƙe shi da mutunci. 'Yan matan shagon sun leƙo ta taga, keken ɗinki ya yi shiru.

"Amma Asabar na ce," in ji ta. "Yau Juma'a. Mu je wurin mai tayar, ni zan zaɓa. A'a, ba a kan wannan ba. Ka yi gaba a hankali, ina biye da kai a tasi."

Mai taya na ganinta ya miƙa mata kujera. Ba ta zauna ba. Ta sa ya fito da duk abin da zai shiga wilin, ya jera a ƙasa, ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya tana danna farce, tana leƙa ciki, tana juya su kamar mai duba bayan leshi.

"Wacce ce ba sai an lallashe ta ta yi zafi ba?"

"Wannan da wannan."

"In ruwa ya sauko?"

"Wannan. Kin ga zanen ya kai har gefe, ta nan ruwa ke fita."

"Mutum biyu da akwati?"

Ya nuna mata lambar nauyi a jikin tayar, ya nuna mata ta shekarar da aka yi ta. Ɗaya a cikinsu ta daɗe a shago, ta ture ta da ƙafa. Abin da ya rage shi ne wadda aka nuna wa Miƙau tun ranar Laraba, mai taurin tsakiya da laushin gefe.

"Ta baya kaɗai, ko har gaba?" in ji mai taya.

"Kai ka taɓa ganin riga yadi daban, hannu yadi daban? Duka biyun, iri ɗaya." Sai ta nuna waɗanda ake cirewa. "Yanzu gaya mini, mutum da hankalinsa me zai sa ya so waɗannan?"

Mai taya ya mai da tabarau wuya. "Uwargida, wannan tambayar ta cikin gida ce."

Dole Miƙau ya yi bayani da bakinsa: geza, kurar baya, jaka. Ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba.

"Wato ku manya da ku, wasu da furfura, kuna zagaya bayan juna kamar masu cinikin akuya."

"Haka ake yi."

"Na ji."

Da aka gama sawa, mai taya ya duba kibiyar da ke nuna inda kowace taya za ta juya, ya cika iska daidai nauyin mutum biyu, sannan ya ce sabuwar taya ma tana da nata santsin. Sai an yi tafiya da ita a hankali ta goge kafin a hau dutse. Saboda haka yammacin Juma'a Miƙau ya yi ta zagaya bayan gari, da dilolin yadi biyu ɗaure a kujerar baya.

"Nauyina ke nan," ta ce lokacin da ake ɗaura su.

"Ai biyu ba za su..."

"Nauyina ke nan, Maigida."

Ranar Asabar a gidan mai aka yi abin da aka saba. Babura sun jeru, maza suka gaisa da matarsa da ladabi, sannan suka zagaya baya suka duƙa. Sai dariya ta fashe. Gezar ta fi ta da faɗi, har da gashinta.

"Yaya Miƙau," in ji Guguwa, "wannan ai za a iya shanya barkono a kai. Ina kyautar da na ba ka?"

"Tana bayan shago, inda ka bar ta," in ji matar. "Mun gode, ɗana. Ba ta yi mana daidai ba."

Jagora, dattijo mai farin gemu, ya ɗauko jakar kayan gyara yana ɗan jin nauyin miƙa ta a gabanta. Ita ta karɓa da hannu biyu.

"Kawo, Baba. Na ji an ce 'yar gidanmu ce."

Suka tashi, Miƙau a ƙarshe. Kafin su kai gindin dutse sauran sun ɓace. Hanya ta fara murɗewa, ga dutse a dama, ga rami a hagu. A kwanar farko matar ta sandare, babur ɗin ya yi nauyi a hannunsa. A ta biyu ma haka. Can sama aka soma yayyafi, kwalta ta yi baƙi, ya rage giya yana jiran bayan babur ɗin ya motsa. Bai motsa ba. Tayar ta dafe kamar ƙadangare a bango. Bayan wasu kwanoni ya ji farcen ya saki haƙarƙarinsa, ya ji jikinta ya fara bin nasa, in ya karkata ta karkata. Daga nan babur ɗin ya riƙa shiga kwana da kansa.

Sun iso garin sun tarar da sauran har sun sha shayi sun miƙe ƙafa. 'Yarsu na tsaye a bakin titi tana ɗaga hannu. Miƙau ya kashe inji, bai cire hula ba, yana jiran hukunci.

Jagora ne ya fara zagayawa baya. Ya duƙa, ya sa yatsu, ya kira sauran.

"Ku zo ku ga. Saura yatsa biyu. Miƙau ya fara lanƙwasa."

"Uwargida ce ke tuƙin," in ji Guguwa. "In aka ci gaba a haka, jakar nan za ta sauya gida."

Matar ta miƙa wa 'yarta hular kwano, ta ratsa tsakiyar mazan ta duƙa ita ma. Ta buɗe jakarta ta ciro allin ɗinki, ta ja farin layi a inda kwalta ta tsaya, dama da hagu.

"Gabana bai faɗi ba," ta ce wa mijinta. "Babur ya zauna. Amma tela ba ya yanka a kan layi, sai ya bar rara. Wannan yatsa biyun nawa ne. Duk Asabar in ka dawo zan duba. Ranar da na ga an ci su, dillali."

"Ai ruwa zai wanke allin."

"Ina da kwali guda a shago."

Ta kama hannun 'yarta suka yi gaba. Miƙau ya dubi layin, ya dubi jakar kayan gyaran. Igiyarta ta ɗan saki a hanya. Ya ƙara ɗaure ta sosai, tunda zama ya same ta.